Ni Na Haɗa, Sunanta Ya Tafi

Ya Mai Filin Shawara,

Don girman Allah ka taimake ni, gama abin da ke damuna ya kai inda ba na iya faɗa wa kowa a garinmu ba a yi mini dariya ba. Na gwada faɗa wa wani aminina, sai da ya riƙe ciki. Kai aƙalla in ka yi taka dariyar ba zan ji ba.

Ni malamin duba fatu ne na En'e, wato hukumar gargajiya, a ƙasar Bebeji, ina zagaya kasuwanni a kan keke ina duba yadda ake fiɗa da shanya. Aikina ke nan, amma ba shi ne a zuciyata ba. Shekarun baya na shiga wani kanti a birnin Kano, na ga wani kofi mara nauyi, ba ƙarfe ba, ba tangaran ba. Mai kantin ya yar da shi ƙasa a gabana, bai fashe ba. Ya ce roba ce, wai masana a Turai ke dafa wani irin danƙo su gauraya shi da wasu abubuwa. Wai har akwai waɗanda ba su da aikin komai sai wannan haɗe-haɗe, duk wanda ya gano wani abu a buga a littafi da sunansa, na baya su riƙa ambatonsa. Tun daga ranar ban sake zama lafiya ba. Na ce a raina, in dai danƙo ne ai muna da ƙaro, muna da makuba, muna da dafara. Da me suka fi mu in ba littafin ba?

Na fara da katangar ƙofar gidana. Na kwaɓa jar ƙasa da ƙaro da dusa, don na lura dusa tana kama jiki in ta bushe. Katanga ta yi kyau ƙwarai, amma ban yi tunanin awaki ba. Suka yi mata layi suna lasa, har aka fara hango madafinmu daga hanya. Sai na koma kan guga. Na shafe buhu da haɗin ƙaro, na ce ya fi na fata. Aka zura shi a rijiyar masallaci a gaban jama'a, igiya ta dawo da buhu tsurarsa, unguwa ta yi kwanaki tana alwala da ruwa mai yauƙi. Na uku ba zan faɗe shi ba, illa dai akwai gashin jima a ciki, kuma liman ya daina bi ta ƙofar gidana har damina ta wuce. Duk waɗannan a waje na yi su, a idon maza, kuma duk suna ɗauke da sunana har gobe. In akuya ta lashi bango a Bebeji, ni ake kira.

Daga nan mahaifiyata ta aiko mini da saƙo ta bakin matata Furera, cewa in haukan ya zama dole a riƙa yinsa a cikin gida. Na koma bayan rumbu, na yi rani biyu ina gwaji a kan ƙananan filaye kamar faɗin faifai. Allah da ikonsa, sai na dace da haɗin daɓe. Ruwan makuba ne da dafaffen ƙaro, da tankaɗaɗɗiyar ƙasar suri, da zaren rama da aka yayyanka ƙanana. Zaren shi ke riƙe ƙasa kada ta tsage, ƙaron kuma ya hana ruwa shiga. To, ka san daɓe aikin mata ne, namiji ba ya riƙe madaɓi. Furera ce ta tara ƙawayenta suka daɓe ɗakinta da shi. Malam, da ka ga ɗakin nan! Sumul, yana ƙyalli, in ka zubar da ruwa sai ya tsaya yana kallonka, gara kuwa ta nemi hanya ta rasa.

Da aka kai ƙanwarta Asma'u gidan miji a Kiru, Furera ta je ta daɓe mata ɗaki. Daga Kiru abu ya wuce Ɗansoshiya, ya shiga Tudun Wada, ya gangara har Doguwa. Yanzu ba a kai amarya ɗakin da ba a yi masa shi ba. Kuma ka san abin da suke kiransa? Daɓen Furera. Har sun sa a waƙar daɓe. Ni da kunnena na ji wata rana a Tudun Wada, ina wucewa ta bayan wani gida, saura kaɗan keke ya kayar da ni.

Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta taɓa cewa ita ta ƙirƙiro ba. Duk wadda ta tambaye ta, sai ta ce ai shi ne ya haɗa. Amma "shi" ba suna ba ne. Tun da aka ɗaura mana aure bakinta bai taɓa furta sunana ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Mahaifiyata kuwa ni ne ɗanta na fari, ko a gabanta aka ambace ni sai ta kau da kai. Surukata ma haka. Mutum uku ne kaɗai suka san asalin haɗin nan, kuma dukansu ba mai iya faɗin sunana.

Da na haƙura, sai ga wani abu. Wani Bature malamin makarantar koyon gini yana yawo da tafintansa, Malam Hamidu, suna tattara irin haɗe-haɗenmu na gargajiya za su buga a littafi. Suka ga daɓen a Doguwa, Baturen ya durƙusa ya gwada kankare shi da wuƙa ya kasa. Suka biyo sawu, wannan ta ce wurin wance ta koya, wance ta ce wurin wance, har ƙofar gidana. Ni kuwa ranar ina can wajen Falgore ina shinshinar fatu a rugage. Aka aika wata tsohuwa cikin gida ta tambayo. Furera ta ce shi ne. Aka ce shi wa? Ta sunkuyar da kai. Aka tambayi mahaifiyata, ta ce ita ba ta san komai ba, a tambayi masu gida. Maƙwabta maza da suka taru, da aka ce ko mai gidan ne, sai suka fashe da dariya suka shiga ba Bature labarin awaki. Malam Hamidu ya rubuta sunan Furera, suka ce za su dawo bayan kaka su tabbatar kafin a buga.

Da na dawo na ji, raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata in sun dawo sai ta faɗi sunana da bakinta, sau ɗaya tak, da ƙarfi yadda za a ji daga zaure. Ta ce in nemi wani abu ko mene ne za ta yi, amma ban da wannan. Na ce ko makaranta aka je, ɗalibi yana faɗin wurin wanda ya ɗauko karatu, wanda ya ɓoye malaminsa kuwa sata ya yi. Kalmar satar nan ce ta jawo. Ta yi kuka, ta ɗaure kayanta, ta tafi gidan mahaifinta Malam Maikano a Kiru. Yanzu gidan ya yi mini faɗi. Ina shiga ɗakinta in zauna a kan daɓen nan mai ƙyalli ni kaɗai, kuma gaskiya ina kewarta. Mahaifiyata tana aiko mini da tuwo, amma da faɗa take haɗo shi, tana yi wa bango magana a kan wasu mutane da ba su da hankali.

Kaka ta kusa. Malam Maikano ya aiko cewa in zo biko. Abin da nake tambaya shi ne, in je in ce sharaɗina sai ta yarda za ta faɗi sunan, ko kuwa in bar wahalar shekaru ta tafi a banza, a san ni da awaki kawai har in mutu?

Naka cikin damuwa,
Mai Haɗi, daga ƙasar Bebeji

*

Malam Mai Haɗi,

Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, musamman a wurin guga. Amma da na gama na sake karanta wasiƙarka, na ga kukanka yana da tushe. Wanda ya yi rani biyu a bayan rumbu yana kwaɓa ƙasa, mutane suna masa kallon mahaukaci, ba laifi ba ne in ya so a ce shi ya yi. Malamanmu ma ba sa ba da karatu sai sun faɗi wurin wanda suka ɗauka. Haƙƙinka ne, kuma ba zan ce ka yafe shi ba.

Sai dai ka kai ƙara inda ba a yi maka laifi ba. Furera ba ta sace maka komai ba. Duk inda aka tambaye ta, kai take nunawa, da iyakar abin da tarbiyyarta ta yarda mata. Ka kuma tuna, da ba ta ɗauki madaɓi ta bi gidajen biki ba, da haɗin nan yana nan bayan rumbu, kaji suna tona shi. Kai ka gano shi, ita ta kai shi Doguwa. Bature bai biyo sawun tunaninka ba, sawun hannunta ya biyo.

Ka dubi wani abu kuma. Mutum uku da ba sa faɗin sunanka su ne suka fi kowa ganin girmanka a duniya. Waɗanda sunanka ba ya musu nauyi a baki kuwa, ai ka ji lokacin da suke kiransa, sai akuya ta lashi bango. Abin da ka nema wurin matarka shi ne ta sauko daga cikin na farko ta shiga cikin na biyu. Ita ta gane haka, shi ya sa ta yi kuka. Littafin da za a buga da Turanci, a ajiye a inda ba za ka taɓa zuwa ba, bai kai wannan daraja ba.

Saboda haka ka tafi biko ba tare da sharaɗi ba. Ka nemi dattijo ya raka ka, ka riƙe goronka, kada ka ambaci Bature a gidan Malam Maikano ko da wasa. Kalmar sata kuwa ka janye ta a fili, a gaban wanda ya dace, don ita ce ta kore ta, ba daɓe ba.

Batun suna kuma ya fi yadda kake zato sauƙi. Kai ba ka da baki ne? Ka nemi izini wurin aiki ka zauna gida lokacin da za su dawo. Ka tarbi Malam Hamidu a zaurenka, ka faɗa masa sunanka da na mahaifinka, ka kwaɓa haɗin a gabansu tun daga tankaɗe har zuwa yankan rama. In ana son shaida ka kira taubashinka, shi ba abin da zai hana shi faɗin sunanka, har ma fiye da yadda kake so. Ka roƙe su su rubuta suna biyu, wanda ya haɗa da wadda ta yaɗa, takarda ba za ta ƙi ɗauka ba. Kada ka ɓoye katanga da guga ma. Masu irin wannan bincike suna son sanin abin da bai yi ba, ko don wani a wata ƙasa ya tsira daga awakinsa.

Amma sunan daɓen ka bar shi yadda yake. Abin da ya riga ya shiga waƙar mata, ba ni ba, ko alƙali ba ya fitar da shi. In ka sake ji ta bayan katanga, ka riƙe kekenka da kyau, ka tuna matarka ake yabo.

Abu na ƙarshe, Malam. Ka cika mini takardu kana kukan ba a faɗin sunanka, na duba daga sama har ƙasa ban gan shi ba. Na Furera kuwa ya cika wasiƙar, kuma jaridar nan tana zuwa har Sakkwato da Barno. Daɓen da ya tsaya a Doguwa, yau kai da hannunka ka kai sunanta inda madaɓi bai taɓa kai shi ba. In kai mai sunan ka ji nauyin rubuta shi, ka yi wa baiwar Allah uzuri.

Allah ya dawo da ita ɗakinta lafiya, ya sa albarka a haɗinka, ya kuma tsare maka katanga.

Mai Fili