Kafin Alƙalamin Gidan Bube

Kankiya,
12 ga Satumba.

Zuwa ga Kawuna Gajere,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen Mawashi. Yaya ƙafar taka? Allah ya sa man shafawar da na aiko ya yi amfani. Mu nan lafiya lau. Hadijatu na gaishe ka, ɗiyarmu Murja kuma kullum sai ta tambayi kakanta mai kawo rake.

Kawu, maganar da na ɗauko ta fi ƙarfin waya. Ka san ni ne ɗan farin Baffa, ban iya zama gabanshi in buɗe baki, shi ma ko sunana bai taɓa kamawa ba. Tun ina yaro in ina son abu wurinshi ta hannunka nake bi, yau ma ga ni.

Ruwan da aka yi makon jiya ya kada bangon ɗakin da muke haya. Allah ya taƙaita, Murja na makaranta, Hadijatu na waje tana wanki. Ƙasa ta binne gado da kayan ɗakinta. Mai gidan ya zo ya duba, maimakon jaje sai cewa ya yi dama yana son wurin, ɗanshi zai yi aure. Gida na huɗu ke nan tun da na kama aikin duba lafiyar dabbobi a garin nan. Ga Hadijatu da ciki tana tonon kwanoninta cikin laka. Da faɗa ta yi mani da ya fi mani sauƙi. A nan tsaye na ƙudurta cewa in Allah ya yarda na gama haya.

Ƙungiyarmu ta ma'aikata, da tallafin ƙaramar hukuma, ta gina ƙananan gidaje a bakin hanyar Kafinsoli domin waɗanda ba su taɓa mallakar gida ba. An yi ƙuri'a, sunana ya fito. Ɗaki biyu ne da falo, da ɗan fili a tsakar gida. Mutum zai ba da kafin alƙalami kafin ƙarshen shekara, sauran a riƙa cira daga albashi kaɗan kaɗan. Ba kuɗin ruwa a ciki, sai da na tambayi malamai kafin in sa hannu.

Abin da na tara bai kai ba. Ina so in sayar da shanuna da ke garken Baffa, jikokin jar karsanar nan da ya ba ni ranar sunana. Don Allah ka taka zuwa ruga ka faɗa mashi, ka zaɓi lokacin da ranshi ke sake. Ka gaishe mani da Inna.

Ɗanka,
Bube.

Kankiya,
20 ga Oktoba.

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maku barka da kaka. Na ji geronka ya yi kyau bana, Allah ya sa a ci lafiya.

Saƙonka ya iso, na gode da wahalar da ka sha. Na yi dariya da ka ce Baffa ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin bango ya haihu ba. Amma ɗaya maganar ta tsaya mani a rai, da ya ce wanda ba shi da ko saniya ɗaya a garke me zai ƙara kawo shi ruga. Ashe abin da ke damunshi ke nan. Yana ganin boko ta ɗauke rabina, gidan nan zai ɗauke sauran. Kawu, na kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Abokan aikina sun ce ai shanun nawa ne, in je in kora abina, ba alƙalin da zai hana ni. Gaskiya ne nawa ne. Sai dai ban shiga gidan da Baffa zai riƙa kau da kai in ya bi ta ƙofarshi. Ba kuma zan haƙura da gidan ba. Duka biyun nake so, kuma zan bi su har inda ƙarfina ya ƙare.

Na sayar da babur ɗina, yanzu a ƙasa nake zuwa aiki, in an kira ni ƙauye in hau na haya. Ranakun hutu ina bin rugage ina yi wa dabbobi allura. Hadijatu ta ɗauko keken ɗinkinta ta ce in kai kasuwa, na ce ta mai da shi, da shi take rufa mamu asiri. Duk da haka da saura. Na sami shugaban ƙungiya, Malam Ashiru, na gaya mashi halin da nake ciki. Ya tausaya, amma ya ce akwai mutane da yawa a layi, in wa'adi ya cika dole a ba na baya.

Yanzu muna zaune a shagon wani abokina, labule muka sa muka raba shi biyu. Jiya da la'asar na kai su Hadijatu suka ga gidan. Ba a ko sa tagogi ba, amma sai da ta zaɓi inda za ta kafa murhu, Murja kuma ta yi ta gudu daga ɗaki zuwa ɗaki tana ihu don ta ji muryarta na dawowa.

Ka ƙara komawa, Kawu. Kada ka yi mashi gardama. Ka ce mashi kawai ina roƙon ya zo ya gani da idonshi. In ya gani ya ce a'a, zan nemi wata hanya ko da zan shekara ina nema.

Naka,
Bube.

Kankiya,
28 ga Nuwamba.

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, kuma ƙafa ta yi sauƙi. Na so ƙwarai a ce kana nan ranar kasuwar da ta wuce.

Ina wurin aiki wajen hantsi aka ce ana nemana a kara, kasuwar shanu. Na ɗauka wata dabba ce ta faɗi. Ina isa sai ga Baffa tsaye da sandarshi a kafaɗa, ƙafafunshi fari fat da ƙasa, ashe tun asuba ya koro dabbobi daga ruga. Na duƙa na gaishe shi, na ɗaga kai ina neman jajayen shanuna. Babu ko ɗaya. Farin bijiminshi ne, wanda ka san ko mu ba ya bari mu kai shi mashaya, da wani ɗan maraƙi.

Na ce, "Baffa, waɗannan ai ba nawa ba ne."

Bai dube ni ba. Dillali ya kalla ya ce, "Na wancan suna garke, kuma suna nan muddin ina numfashi. Wanda ke da dabba dole ya zo ya duba ta. Yi ciniki."

Na so in hana. Na ce a bari, na ce zan nemi wata hanya. Ya ɗaga mani hannu sau ɗaya, na ja da baya. Da aka ja bijimin za a sa a mota ya yi ta turjewa yana waiwaye. Baffa ya juya baya yana gyara igiya a hannunshi, igiyar da ba abin da ya same ta. Ni na kasa, sai da na koma bayan wata rumfa na share fuska.

Daga nan muka wuce wurin Malam Ashiru aka biya, sannan Baffa ya ce a kai shi ya ga abin da aka sayar mashi da sa a kai. Ya zagaya gidan yana ƙwanƙwasa bango da sanda. Ya ce ƙofar ta yi ƙanƙanta, ɗakunan kuma za su yi zafi da bazara. Hadijatu ta biyo mu da fura ta ba shi ya sha, ya sa mata albarka. Can sai ya fita, ya dawo da wani guntun icce da dutse, ya tsaya a kusurwar tsakar gida ya kafa turke. Ya ce wa Hadijatu in ta sauka lafiya zai aiko da saniyar tatsa, jikanshi ba zai tashi da madarar gwangwani ba.

Wata mai kamawa za a ba mu makulli. Sai dai akwai sabuwar rigima, Kawu. Cikin sharuɗɗan unguwar an hana kiwon babbar dabba. Na gaya wa Malam Ashiru ya sa ni cikin masu magana a taro na gaba, na kuma fara bin maƙwabtan da za mu zauna tare ɗaya bayan ɗaya. Uku sun riga sun yarda, in dai za a riƙa ɗiba masu nono. Ko za a kai shekara ana zama, turken nan ba mai tuge shi.

Ka shirya, kai za ka fara kwana a falon. Hadijatu da Murja na gaishe ka. Allah ya bar mamu kai.

Ɗanka mai godiya,
Bube.