Inna, Sun Ce Wabinki Ya Biyo Ni

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki Ya haskaka shi, 'yarki Ayashe ce ke rubuto miki daga Belbeji. Na san ko kina raye ba ki karanta boko, na kuma san masu riƙe da waya ne za su ga wannan. To, su gani. Na rasa wanda zan gaya wa a gidan nan, duk wanda na tara sai ya ce in yi haƙuri.

Inna, za su ɗauke mini Ummi. Ba ki san ta ba, bayan rasuwarki aka haife ta, sunanki aka sa mata shi ya sa muke sakayawa. Ba ta daɗe da fara rarrafe ba, nono take sha. Gwaggo ta yanke cewa ranar kasuwa mai zuwa za a miƙa ta ga Fulani, su tafi da ita daji arewa da Tenhya, kada ta dawo sai ta yi wayo. Ta ce wabinki ne ya biyo ni.

Ke kin fi kowa sanin kalmar nan. 'Ya'ya uku kika haifa kafin ni, kowane sai ya fara zama, hannuwa da ƙafafu su kumbura, ido ya yi ɗorawa, ya yi ta kuka har ya tafi. Sai gari ya ce ke mai wabi ce, wai yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa don ya wahalar da ke. Da na zo aka yi mini abin da ake yi wa ɗan wabi, don a nuna masa ba a damu da shi ba ko ya ji haushi ya zauna. Aka kwantar da ni kan juji, aka tsaga mini kunnen hagu, aka sa mini Ayashe, aka sayar da ni ga Nene Dudu Bafulatana kan tiyar gero. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta tsaya a kan duk wannan. A rugar Nene Dudu na tashi, sai da na isa shiga lakwal, makarantar boko, aka maido ni wurinki.

Na tuna ranar da aka maido ni. Kina daka, ba ki ko ɗaga kai ba, kika ce a ba baƙuwa ruwa. Na ɗauka ba ki so na. Sai da na girma na lura duk ranar da aka yanka kaza, hanta a kwanona take ɓuya ƙarƙashin tuwo.

Kin ga aurena da ɗan Gwaggo, kin yi murna, kin ce tuwon gida ya zauna a gida. Kin kuma goya Habu, ɗana na fari. Abin da ba ki gani ba shi ne tafiyarsa. Hannuwa suka kumbura, ido ya yi ɗorawa, sak yadda ake ba ni labarin yayyena. Kafin mu isa da shi Damagaram jininsa ya ƙare. A can lokotoro, wato likita, ya sa aka auna ni da babansa, ya ce amosanin jini ne ya kashe Habu, wanda ma'aikatan likita ke cewa emasi. Da hannun Ummi ya fara kumbura ban jira kowa ba, na kai aka auna. Ita ma shi ne.

Abin da ke ci mini rai, Inna, wannan ne darasin da nake koyarwa. Ni ce malamar kimiyyar halittu da ƙasa a kolej, da bakina nake faɗa wa 'ya'yan mutane kowace shekara. Bari in gaya miki yadda nake gaya musu, ko ke za ki saurare ni.

Kowane ɗa yana karɓar gadon jini kashi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Akwai wani gado da ke sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje maimakon su zama zagayayyu. Wanda ya karɓi ɗaya kawai lafiyarsa lau, zai tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. Ke kina da ɗaya, Baba yana da ɗaya. Ni ɗaya, ɗan Gwaggo ɗaya. Wanda ya haɗa biyu shi ne jininsa ke maƙalewa a jijiya, ƙashi ya yi ta sara, jini ya yi ta ƙarewa. Kowane ciki kuma sabon rabo ne, ba ruwansa da na baya. Ba yaro ɗaya ke zuwa yana komawa ba, Inna. Uku kika haifa, uku kika binne, kowane da ransa, kuma babu wanda ya zo don ya ƙuntata miki.

Yara kan tambaye ni, to me ya sa abu mai kisa haka bai ƙare daga duniya ba? Sai in ce sauro. Tun zamanin kakannin kakanni masassarar damina ke kwashe yara, amma mai gado ɗaya ya fi jure mata. Su suka fi tsira, suka girma, suka haifa, gadon ya yi ta yaɗuwa a duk ƙasar da sauro ke da ƙarfi. Haka halitta ke sauyawa a hankali da ikon Allah, abin da ya taimaki mai rai ya tsira shi ke wucewa ga na baya. Wato abin da ya raya kakanninmu shi ya kashe mini Habu. Na faɗi wannan a gaban allo makonni kaɗan bayan mun binne shi, muryata ba ta ko yi rawa ba. Da na fito sai na je bayan aji na zauna ni kaɗai.

Yaran nan suna yarda da ni a kan abin da ya fi wannan wuyar yarda. Nakan kawo musu dutsen nan mai naɗi kamar ƙahon rago da ake tsinta a tsaunukan Tanut, in ce musu wannan dabbar teku ce, Damargu da ba mu da ruwan sha a cikinta ta taɓa zama ƙarƙashin teku. In ce ƙasar da muke takawa faranti-faranti ce, tana tafiya a hankali ba mu ji, har nahiyoyi suka rabu. Su yi dariya, su ce Madam ta fara. Sai in sa musu dutsen a tafin hannu, su juya shi, su yarda. Amma jini fa? Me zan sa wa Gwaggo a tafin hannu?

Na gwada, wallahi na gwada. Na same ta da hantsi tana tsinke zogale, na durƙusa, na ɗebo wake fari da ja na jera mata a faifai, ga na uwa ga na uba. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta miƙo hannu ta zame mini kallabi, ta kama kunnena na hagu, wurin tsagar. Ta ce, "Uku aka bari a ɗaki, uku suka tafi. Ke na kai juji, ga ki kina koya mini karatu."

Inna, me zan ce? Ni ce hujjarta. Duk numfashin da na ja, a wurinta shaida ce cewa maganinta ya ci. Na ce mata rabona ne ya zo da gado ɗaya, ko an bar ni a ɗakinki zan rayu. Ta ce to ta yaya na sani, tunda ba a bar ni ba? Ta ce Habu ai ta yi mini kara ta bar ni da likitana, ga inda ya ƙare. Wannan ta biyun ba za ta zuba ido ba.

Kuma ba mugunta ba ce, shi ya sa abin ya fi ƙarfina. Da maƙiyiya ce da na san yadda zan yi da ita, kin san bakina. Matar nan ita ta wanke Habu. Tun da hannun Ummi ya kumbura ta rame, ko goro ta daina ci. Tana son yarinyar nan kamar ta haɗiye ta, kuma da wannan son za ta kai ta inda za ta mutu.

Don mutuwa ce, Inna, ba na ɓoye miki. Mai wannan ciwo ba ya son sanyi, ga sanyi na tahowa, su kuwa a fili suke kwana. Ba ya son ƙishirwa, su kuwa wuni suke tafiya tsakanin rijiya da rijiya. Akwai maganin da take sha kullum, akwai rigakafi, kuma duk ranar da jikinta ya yi zafi dole a ga likita a ranar, wani lokaci a ƙara mata jini. 'Yar Nene Dudu da za ta karɓe ta mutuniyar kirki ce, tare muka sha nono ɗaya, amma ina za ta samo jini a bayan Tenhya? Masu wannan ciwo suna girma in an kula da su, na ga waɗanda suka yi aure suka haifa. Ummi na iya rayuwa. Abin da nake ta faɗa ke nan ba mai ji.

Baban Habu ya ji bayanin lokotoro da kunnensa, a gabansa aka auna. In muna mu biyu sai ya ce gaskiyata. In ya shiga ɗakin uwarsa ya fito sai ya kasa haɗa ido da ni. Har liman ya samu, liman ya ce wabi camfi ne, babu shi a addini. Gwaggo ta ce liman bai taɓa binne ɗan cikinsa ba. Da na matsa masa sai ya ce mini, "Uwata ce, Ayashe. In na hana a tafi da yarinyar, ta zo ta mutu a hannunmu, da wane ido zan dube ta?" Na ce in ta mutu a daji fa, da wane ido za ka dube ni? Ya ɗauki hularsa ya fita.

Sai na nemi sulhu. Na ce a yi komai, ban da tafiya. Ni mai koyar da ƙwayoyin cuta, ni na ɗauki 'yata na kwantar da ita kan jujin bayan gida, na juya baya kamar ban san ta ba, tana kuka tana miƙo hannu. Ni na sayo sabuwar reza, na riƙe kanta wanzami ya tsaga kunnen. Na yarda a daina ce mata Ummi a kira ta Ajuji. Na ɗauka ya isa. Da yamma Gwaggo ta aiko a gaya mini rabin magani ba ya warkarwa, an riga an aika wa Fulani, sun ce suna tafe da tiyarsu.

Jiya ta kira ni ɗakinta don ta ba ni ƙarfin zuciya. Ta ba ni labarin da ba ki taɓa ba ni ba. Ta ce ranar da aka sayar da ni ke kika miƙa ni da hannunki, ba ki yi gardama ba, ba ki zubar da hawaye ba, kika koma kika ci gaba da tankaɗe. Ta ce kwana da kwanaki nono na jiƙa miki riga, kina shiga bayan ɗaki kina matsewa a ƙasa, ba wanda ya ji bakinki. Ta ce duk ranar kasuwa sai kin je layin masu nono kin tsaya daga nesa, ko za ki ga Nene Dudu da goyo, kuma ba ki taɓa matsawa kusa ba don kada ki karya maganin. Ta ce in yi koyi da uwata.

Ashe haka kika yi, Inna. Shekara da shekaru kina tsaye a kasuwa kina kallon bayan wata. Ba ki da lokotoro, ba ki da wanda zai jera miki wake a faifai, abin da aka ce zai raya ni shi kika yi, ya ci ki ya cinye. Ban taɓa ce miki sannu ba. Sannu, Innata. Sannu.

Amma ki yafe mini, ba zan yi koyi da ke ba. Ke ba ki sani ba kika miƙa. Ni in na miƙa, na san inda na miƙa ta.

Gobe da safe akwai motar Damagaram. Na gaya wa daraktan makarantarmu, na haɗa maganinta da kayan sanyinta, akwai wata abokiyar karatuna kusa da asibiti da ta ce in zo. Ban gaya wa baban Habu ba tukuna, zan gaya masa ina bakin ƙofa da goyo, in ya ga dama ya biyo mu. Na san abin da ake ce wa matar da ta fita ba izini. Na san Gwaggo za ta ce na kashe jikarta, kuma in wani abu ya sami Ummi a can, duk Belbeji za su ce ga abin da boko ya jawo, ba ni da bakin kare kaina har in mutu. Ban san ko zan tarar da ƙofar gidan nan a buɗe ba. Ina jin tsoro, Inna, tsoro sosai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa kina tare da 'ya'yanki uku da Habu, kowane da fuskarsa, kowane da sunansa. Allah Ya sanyaya zuciyar Gwaggo, kada ta mutu tana fushi da ni. Ya Allah, Kai Ka ba ni yarinyar nan, ban yar da ita ba, ƙarya na yi a kan juji, ina son ta. Ka bar mini ita.

'Yarki,
Ayashe