Ba Zan Dawo Yanzu Ba, Kawu

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar girmamawa ce daga 'yarka Auta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Allah ya ƙara maka ƙarfin ido, ya sa ciwon bayan nan ya ƙyale ka haka. Na ji Yaya ta sauka lafiya an samu mace. Allah ya raya ta, ya sa kada ta gado bakin uwarta. Ni ma lafiyata ƙalau, sai sanyi, wanda har yau ba mu shirya da shi ba.

Kawu, Yaya ta isar mini da saƙonka, cewa in tattara kayana in dawo, tunda ƙasar wajen nan ba ta karɓe ni ba, karatu kuma akwai shi a gida. Na san tausayi ne ya sa ka faɗi haka. Tun da aka kawo ni hannunka bayan rasuwar Baba ban taɓa yi maka musu ba, amma ka gafarce ni, wannan karon zan yi. Ba zan dawo ba.

Abin da Yaya ta gaya maka gaskiya ne, sai dai rabi ta kawo. Na yi mata kuka a waya, kuma na faɗi jarrabawar farko. Yarensu na littafi na iya, na baki ne ya kayar da ni. Malaminmu yana magana kamar an biyo shi, ni kuwa ina layin gaba ina rubuta kalmomi yadda kunnena ya ji su, in na koma ɗaki na buɗe ƙamus sai in tarar babu su. Ɗakin ma gado ne da tebur da taga mai kallon bangon wani gini. Mu takwas ke amfani da kicin ɗaya, kowa ya dafa nasa ya wuce ko sannu babu. Ni da ban taɓa sauka daga ta ɗaya ba tun firamare, sai ga sunana na biyu daga ƙasa.

Amma ba wannan ne ya fi cin raina ba. A ɗakin gwaje-gwajen lantarki an raba mu uku-uku, na faɗa hannun samari biyu, wani dogo mai gilashi da wani mai yawan dariya. Da suka ji harshena yana sarƙewa, sai suka miƙa mini biro da takarda, na zama mai rubuta musu lambobi. Sati biyar ban taɓa ko waya ɗaya ba. Ni fa, Kawu, da na tashi a shagonka, tun ina shekara tara nake riƙe maka ƙarfen liƙi, rediyon da ya ƙone tun daga bakin ƙofa nake gane shi da warinsa.

Kwana biyu da zuwan saƙonka aka ba mu aikin haɗa na'urar ƙara sauti. Suka haɗa, ta ƙi tashi. Fiye da awa guda suna cire wannan suna mayar da wancan, alhali tun farko na hango wuri ɗaya da dalmar ta yi duhu ba ta kama ba. Sau biyu ina faɗa, dogon yana cewa in ɗan jira. A na uku sai na miƙe. Na ajiye biro, na jawo allon na'urar gabana, na ɗauki ƙarfen. Na sake liƙe wurin har na ƙona ɗan yatsa, amma ina ɗagawa lasifikar ta saki ƙara, ɗakin duka aka waiwayo. Malamin ya zo ya tambayi wanda ya gano matsalar, mai dariyar nan, Allah ya ba shi lada, ya nuna ni. Ya ce in yi bayani. Na yi da gurguwar maganata, inda kalma ta ƙi zuwa in nuna da yatsa, ya tsaya ya saurare ni har ƙarshe. Nan take a gabansu na ce masa daga yau na daina zama mai rubutu, sai dai a riƙa juyawa. Ya dubi samarin ya ce ai haka tsarin yake tun farko.

Ba zan ce maka komai ya daidaita ba. Dogon har yau ciki-ciki yake amsa gaisuwata. Jarrabawar zan sake ta nan da wata biyu, in na ƙara faɗuwa sai na maimaita shekara. Ina zuwa ajin koyon yare sau uku a mako, kuma dattijuwar da ke kula da ɗakin gwaje-gwajen tana buɗe mini da rana, ina gyara mata mitocin da suka lalace tana gyara mini furuci. In suka kore ni zan dawo ba tare da kunyar kowa ba, amma ba zan kori kaina da hannuna ba. Masu zuwa shago suna cewa dama sun san ba zan iya ba, ka bar su su huta a benci su yi ta faɗa. Addu'arka nake nema, Kawu, da kuma yardarka, don ita kaɗai nake tsoron rasawa.

Ka gaishe mini da Inna, da Goggo, da Yaya da maigidanta, da jaririya, da Baffa Ƙarami da iyalinsa, da maƙwabcinka tela. Na ji an ce Inna ta share ɗakina har ta shimfiɗa sabon zanin gado. Ka ce ta naɗe shi ta adana, kai kuma ka zuba tsofaffin rediyoyinka a ciki, don mai ɗakin sai nan da shekara huɗu, in Allah ya kai mu.

Taka har kullum,
Auta