Kira a Cikin Hazo

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya mai gidan da yara? Ya ƙafar Inna? Mu nan Panyu ta ƙasar Sin lafiya lau, Nasirunki ma ya kusa saukar karatu.

Ran Asabar na kai ɗaliban Islamiyyarmu hawan keke a wani gandun daji na gwamnati da ke kan dutse. Muna cikin gangarowa hazo ya rufe mu, na ƙirga yara babu Nasiru. Sai na ji muryarsa daga wata siririyar hanya ta hagu: "Kawu! Kawu, taho!"

Har na karkata kan keke, sai maganar Inna ta faɗo mini, cewa ba a amsa kira a daji sai an ga mai kiran. Na taka burki, na kama bakina.

Can sai ga Nasiru ta bayana yana tura kekensa, sarƙa ta zame.

"Kawu, kai ne kake ta kirana daga can ƙasa? Ban gan ka ba, shi ya sa na yi shiru."

Wani Basine mai gadin wurin ya ce ruwa ya zaftare siririyar hanyar nan, ƙarshenta rami ne. Yaya, wa ya iya Hausa a dutsen nan? Kuma Nasiru ya ce da "Nana'u" aka kira shi, sunan da Inna kaɗai ke faɗa.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida kowa, ki yi wa Inna godiya.

Ƙaninki,
Aminu