Mai Bidiyo Ya Yanke Ramuwar Kawuna

Adda Habiba, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zai kai ni gaban alƙali, don wallahi tura ta kai bango.

Ni Bafulatani ne ɗan Roni, ina aikin malamin gona a Kazaure. Bara na auri Batulu, 'yar Barebarin Ɓaɓura. Da yake yanzu duk wanda ya ɗan samu sarari sai ya kira mai bidiyo, ni ma rawar kai ta sa na ɗauko wani Daudu tun daga Kano.

Ranar ɗaurin aure, kakar amarya, Iya Dela, ta tare Kawu Lado a ƙofar gida. Kawun nan shi ya riƙe ni tun ina maraya. Kin dai san wasan Fulani da Barebari. Ta ce ga bawanta ya iso, a miƙo masa tsintsiya ya share zaure. Kawu kuwa ba a kashe masa baki. Ya ce shi bai taɓa ganin uwargijiyar da ke yi wa bawa guɗa don ya taimaka ya karɓi jikarta ba. Sai da tsohuwar ta zauna daɓas don dariya, ta ba shi goro.

Da kaset ya zo, ashe la'anannen nan ya bar maganar Iya Dela cif, har da maimaitawa, ya yanke ramuwar Kawu da dariyar da goron. A gurbinsu ya liƙa Kawu ya sunkuyar da kai, alhali lokacin addu'a ne aka ɗauke shi haka, ya kuma sa wata sarewa mai ban tausayi. Motocin 'yan kwangilar da suka zo bikin kuwa ba wadda bai nuna ba, har lambobinsu.

Ban kalla ba na kai Roni da ɗokina. Aka tayar da janareto, gari ya taru, Kawu yana sahun gaba a kan buzunsa. Mutumin da ake sasanta manoma da makiyaya a gabansa, yau yara ke tambayarsa ina tsintsiya! Ya daina cin kasuwa, ya kuma aiko cewa ba shi ba ni. Ga Batulu cikinta ya tsufa. Wa zai raɗa wa abin da za ta haifa suna?

Na sami Daudu, ya ce salon aikinsa ke nan, kaset ba ya daɗi sai da abin dariya. Wai kuma Kawu ya cakuɗa da Fulatanci, ba mai ji. Ainihin kaset ɗin ma ya ɗora wani bikin a kai. Ko haƙuri bai ba ni ba. Ita kuwa Batulu dariya ta yi da ta gani, shi ya sa nake zargin danginta suka kitsa. Niyyata in maka shi a kotu, ita kuma in ta tafi goyon ciki ta yi zamanta can.

Mai Ɓacin Rai, Kazaure.

Malam Mai Ɓacin Rai, fushinka a kan Daudu yana kan hanya. Wasan Fulani da Barebari a ba ka ne ka rama, wanda ya cire ramuwar kuwa ya mayar da wasa cin mutunci. Amma alƙali ba zai dawo da abin da aka goge ba, sai dai ya ƙara wa labarin 'yan kallo. Ka rabu da shi, ka gaya wa duk mai shirin biki irin aikinsa. Kai ma da naka, tunda ka tara gari a kan abin da ba ka duba ba.

Batulu kuwa ka fita harkarta. A gidansu aka yi, ta san wanda ya ci wasan, shi ya sa ta yi dariya. Ba ka kawo mini hujja ko ɗaya a kan danginta ba, zato ne kawai, kuma mai tsohon ciki ba a huce haushin wani a kanta.

Ka ɗauke kaset ɗin daga Roni yau. Ka je da goro ka durƙusa gaban Kawu, kada ka kare kanka. Sannan ka sanar da Iya Dela abin da ya faru. Na tabbata za ta fi ka jin zafi, don ba mai son a raba shi da abokin wasansa. Tunda a Ɓaɓura za a haihu, ita ce za ta aika wa Kawu cewa in ya isa ya zo suna. Ka cika mota da mutanen Roni su zama shaidun ramuwarsa. Dattijo irin Kawu yana iya ƙin gayyatar ɗansa, amma ba zai yarda a ce tsoron Babarbariya ya hana shi zuwa suna ba.

Allah ya sauki Batulu lafiya, ya sa Kawu ne zai yi raɗin sunan da bakinsa.

Adda Habiba.