Shaida a Ƙofar Jarrabawa

Makera, Kaduna
Yuni, 1958

Zuwa ga ƙanwata Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya idon naki? Ni dai ƙafar tana nan yadda kika san ta.

Kin ce in dawo Zariya. In dawo da me? Waɗanda nake gabansu a makarantar Midil yau su ne a mota a hayin gada, ni kuwa ina ɗakin zauren Alhaji Isiyaku, ina cin tuwonsa, ina koya wa ɗansa Ɗahiru lissafi da Turanci don jarrabawar shiga makarantar kasuwanci. Kan yaron dutse ne. Mai ganewa shi ne Shekari, ɗan wani mai gadin masaƙa, wanda nake haɗa su karatu.

Jiya Alhaji ya kira ni. Baturen jarrabawar bai san fuskar kowa ba, malamin da ya kawo yaro shi ke tsayawa a ƙofa ya shaida sunansa. So yake Shekari ya shiga da sunan Ɗahiru, ni in shaida. Uban Shekari ya amince, don shi ma a gidan Alhaji yake zaune. Alhaji bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ɗakin nan dai ba ya yoyo, ko?"

Ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Shehu

Makera, Kaduna
Agusta, 1958

Hajara,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Takardarki ta iso.

Kin yaba mini a banza, wai na ƙi yin shaidar zur. Ranar na fita ne da niyyar yin abin da Alhaji ya ce. Ɗahiru ya biyo mu don ya riƙe ni saboda ƙafar. Har muka haye gada Shekari bai ɗaga kai ba. Da muka isa ƙofa, kafin in buɗe baki, sai Ɗahiru ya saki hannuna, ya faɗa wa Baturen sunansa da kansa. Ya waiwayo ya ce, "Malam, tunda an ce kaina dutse ne, bari dutsen ya shiga da sunansa."

Shekari ma ya shiga da nasa sunan, ya ci, ya tafi. Ɗahiru ya faɗi.

Alhaji ya ɗauka ni na kitsa. Bai kore ni ba, amma ko sallamata ba ya amsawa. Ɗakin ya fara yoyo, ba wanda aka turo ya duba. Na ɗaure kayana don in taho, sai ga Ɗahiru da sassafe da littafinsa, wai baɗi ma akwai jarrabawa. Ya ja tabarma daga inda ke ɗiga, ya zauna yana jirana.

Kada ki gyara mini ɗaki bana.

Yayanki,
Shehu