Takardar Bakin Tulu

Siyatista, watan Oktoba, 1788

Zuwa ga Yayana Naum, a birnin Peshta.

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta sa ka a ido ba. Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Anta da yara, Ya kuma sa albarka a cinikin audugarka. Mu nan lafiya muke, sai ciwon gwiwar Inna da ke tasowa in sanyi ya matso. An gama cirar inabi, ƙanwarmu Katina ta sauka lafiya, namiji, ya ci sunan marigayi Baba. To Yaya, ka nemi wuri ka zauna, kada ka yi mini karatun nan naka na tsaye a bakin shago.

Ka tuna kuɗin nan kurush ɗari takwas da Baba ya ranta wajen marigayi Tasula shekarar da 'yan fashi suka tare ayarinmu, har ya ba da gidan nan jingina. Ya biya, ni shaida ce, don ni na riƙe masa jakar har ƙofar gidansu. Tasula ya ja layi biyu a gicciye a kan takardar bashin, ya sa hannu, ya mayar wa Baba, yadda aka saba. Ashe tsohon bai soke a littafinsa ba. Yanzu duka biyun sun kwanta dama, littafin ya faɗa hannun ɗansa Miha. Makon jiya sai ga shi da hular nan tasa ta gashi, wai shi fa ba rigima ta kawo shi ba, amma abin da ubansa ya rubuta ba zai ci shi da baki ba. Na ce masa tun yana yawo ba wando na san shi, kada ya zo yana mini muryar alƙali a tsakar gidan ubana. Ko gezau bai yi ba. Ya ce in na nuna masa gicciyen ubansa zai sumbaci hannuna ya tafi, in babu kuwa mu fara neman inda za mu zuba tarkacenmu. Dattawan gari sun ba mu zuwa Kirsimeti.

Ban damu ba a lokacin, don na san takardar tana ƙasan akwatin Baba. Na juye akwatin kaf. Wasiƙun abokan cinikinsa na nan, takardar sadakin auren Inna na nan, amma duk wata takarda mai gicciye ta ɓace. A nan na gane abin da ya faru. Ka san halin Baba, in ƙananan takardun shago suka taru sai ya miƙa wa Inna masu gicciye ya ce waɗannan sun mutu, ta yi aikin ɗakin girki da su. Manyan yakan ɓoye, amma bai taɓa gaya mata haka ba. Ita ba ta karatu, gicciyen kawai ta sani. Bana da ta dafa zumar inabi takardar rufe tuluna ta ƙare mata, ga mabuɗin akwati a ɗamararta. Na yi mata tambaya a fakaice, ta ce ai matattu kaɗai ta ɗiba, masu rai ko taɓa su ba ta yi ba, ita ba yarinya ba ce.

Yaya, babu tulun da ban kwance ba. Na bi na gida, na bi na Katina, na shiga gidan limamin coci da aka kai wa tulu, na ce Inna na tsoron nasu ya yi tsami. Matarsa ta bi ni da kallo, ta ce in kwaɗayi ne in faɗa, za ta ɗebo mini. Na sami takardun gishiri da na kofaton alfadari, ta Tasula babu. Saura tuluna ukun da madugu Steryo ya tafi maka da su. Don girman Allah, in ba a buɗe ba, kada ka bar Anta ta yaga bakinsu da wuƙa. Ka yanke zaren, ka ɗaga takardar a hankali, kada ruwa ya taɓa ta ko ta yi danƙo. In an riga an buɗe, ka duba kwandon shara da gindin murhu, ka tambayi yara. Na san ka, ko takardar aurenka ba ka san inda take ba, amma wannan karon ka zama mutum. Ka aiko ta da ayari na farko kafin ƙanƙara ta toshe hanyar dutse. Ba na barci, abinci ma ba ya shiga.

Inna ba ta san komai ba, na ce mata maganar iyakar gonar inabi ce ta kawo Miha. In takardar ta salwanta, ka rubuto ta hannun mijin Katina, kada wasiƙar ta zo gida. Zan ce ni na ɓatar da ita wajen juye akwati, ku ma ku tsaya a kan haka. Gara ta fita daga gidan nan tana zagina da ta fita tana zagin hannunta.

Ka gaishe da Anta, da Yanaki da ƙaramar Lenko, da Kawu Dona in yana gari. Katina da mijinta suna gaisuwa. Inna na zaune a gefena yanzu, ta ce in sa maka albarka, in kuma gaya maka tulunanka ta fi ba kulawa. Wai takarda mafi kauri da ta samu a ƙasan akwati ita ta ɗaure maka, don kada ƙurar hanya ta taɓa abin ɗanta.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Zoyitsa